Jirgin da Kumagai Ya Tsarkake

Shekara tara a jere Kumagai Tetsuzo yana neman jar riga, shekara tara Ebisawa yana kayar da shi. A ƙauyenmu Toyonai da ke tsibirin Hokkaido, wanda kwamitin bikin kaka ya ba jar riga shi ne yake hawa hasumiyar katako a harabar ɗakin bauta, ya watsa wa jama'a curin mochi, wato kirɓaɓɓiyar shinkafa, fari da ja, tsofaffi da yara suna wawaso a ƙasa. Aikin bai wuce na minti goma ba. Amma hoton mai watsawar yana zama a bangon ofishin manoma har shekara ta zagayo. Kumagai yana shiga ofishin nan kusan kullum, kullum kuma sai ya tarar da Ebisawa yana kallonsa daga bango, hannu a sama, haƙora a waje.

Aji ɗaya suka yi a firamare. Ebisawa ya gaji shanun madara arba'in da 'yan kai, Kumagai ya gaji gonar albasa da babbar murya. Ni kuwa tun da na bar aikin gidan waya aka ɗora mini sakataren kwamiti, don haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

A zaman da muka yi bayan bikin bara, an ci abincin rana, giyar shinkafa ta zagaya sau uku, sai Kumagai ya fara. Ya ce hannun Ebisawa ya mutu, mochinsa ba ya wuce layi na uku, mutanen baya hannu wofi suke komawa gida. Ebisawa ya ce ranar da Kumagai ya samu hawa hasumiyar sai ya nuna musu yadda ake yi.

"Hasumiya?" in ji Kumagai. "Wannan 'yar kujerar? Ni baɗi daga sama zan watso shi. Daga cikin jirgina."

"Wane jirgin naka, Tetsu?"

"Wanda zan saya."

Aka yi dariya har wani ya ƙware. Lasisin tuƙin jirgi kam yana da shi, kowa ya sani, don yana rataye a falonsa cikin gilashi. Shekara goma sha biyu da suka wuce ya tafi ƙasar waje ya yi wata uku, ya dawo da takardar da wata hula mai baki, bai sake barin ƙasa ba sai in zai gyara rufi. Ebisawa ya ce a rubuta. Na rubuta: in mochin baɗi ya sauko daga jirgin Kumagai yana sama, jar riga tasa ce har shekara uku. In bai sauko ba, ya bar neman ta har abada, kuma shi zai wanke turame shida na kirɓin mochi a rafi, aikin da ƙuri'a ake jefawa a kansa saboda sanyin ruwan Oktoba. Na karanta wa Kumagai sau biyu, a hankali. Ya zaro hatiminsa daga aljihu, ya hura masa iska, ya danna shi da ƙarfin da sai da shatinsa ya fito a shafi uku na ƙasa. A wurinmu kuwa in hatimi ya hau takarda, ba a cewa giya ce.

Filin sauka muna da shi. Gwamnati ta shimfiɗa mana titin jirgi tun da daɗewa don a riƙa kai ɗanyen kayan lambu Tokyo. Sau biyu jirgi ya taɓa sauka. Yanzu wake ake shanyawa a kai, tsofaffin mata kuma suna koyon mota. Siton albasar Kumagai yana gefe ɗaya na titin, shingen makiyayar Ebisawa yana ɗaya gefen.

A watan Afrilu, ƙanƙara na narkewa, jirgin ya iso a bayan babbar mota. Hoto kawai Kumagai ya gani ya saya, daga hannun wani likitan haƙori mai ritaya a wani gari na bakin teku, inda jirgin ya yi shekara shida ƙarƙashin tampol. Mai kujera huɗu ne, ya girmi 'yar Kumagai, Yuki, da ke aure a birnin Sapporo. An cire masa fukafukai an naɗe su da barguna a mota ta biyu, wadda ta makara. Duk ƙauyen ya fito ya tsaya yana kallon wani abu mai kama da busasshen kifi.

Iya Umeno, tsohuwar da ke kula da wurin zuba shara, ta tambaya ko sai ya girma fiffiken zai fito. Ebisawa ya leƙa cikin injin, ya zaro sheƙar tsuntsu, ya ɗaga ta kowa ya gani, ya ce ko ba komai an samu abin da ya taɓa tashi daga jirgin nan. Kumagai bai kula su ba. Ya sanar cewa daga yau Kyaftin za a riƙa ce masa, wanda ya kira shi da wani suna kuma ya yi da iska.

Matarsa Fumie ta fito bakin ƙofa tana goge hannu da tawul. Ta daɗe tana kallon jirgin.

"Baban Yuki, kujera nawa ne?"

"Huɗu."

"To, ukun kada ka sa kowa."

Ta koma ciki.

Wadda za ta haɗa jirgin wata bakanikiya ce daga birni, Nitta, mace mai kimanin shekara hamsin, mai tsadar magana. Ko jirgin ba ta kalla ba, ta miƙa hannu ta ce a ba ta littattafansa. Kumagai ya yi murmushin wanda ya riga kowa tunani. Ya ce waɗancan tsofaffin littattafan duk mai ne da shatin kofi, da safen nan ya ɗaure su ya kai shara, ga sabo ya sayo mai bangon fata. Nitta ta dube shi kamar yadda likita yake duban hoton ƙirji. Ta gaya masa cewa duk ƙusar da aka taɓa sauyawa a jirgin nan tun ranar da aka ƙera shi tana cikin littattafan, kuma jirgin da ba shi da su tarkacen ƙarfe ne, ko tura shi ba za a bari ya yi ba.

Ban taɓa ganin mai shekara sittin da takwas ya hau keke haka ba. Ya isa wurin shara ya tarar wayam. Ya bi motar shara har ƙauyen gaba, ya sa aka buɗe masa bayanta, ya tarar da kwalabe zalla. Ya dawo yana haki, hula a karkace, sai ga Iya Umeno a ƙofar sitonsa, ƙunshin littattafan a cikin keken da take turawa, an manna masa rawayar takardar nan ta masu laifi. Ta ce da igiyar leda ya ɗaure maimakon ta takarda. Ta ce yau ma ranar kwalba ce, ranar takarda sai Alhamis ta biyu. Ta ce shekara talatin ke nan tana gaya masa, kuma ta riga ta rubuta sunansa a allo. Kumagai ya sunkuya mata har hularsa ta faɗi. A tarihin Toyonai shi ne mutum na farko da ya yi godiya don an dawo masa da shararsa. Washegari ya shaida wa mutane a ofishin manoma cewa da gangan ya yi, yana gwada tsarin sharar ƙauyen ne, kuma sun ci jarrabawa.

Nitta ta yi watan Mayu tana aiki. Ta ɗaura fukafukai, ta sauya tayoyi da igiyoyi, ta tayar da injin har tagogin makaranta suka yi rawa. Ta ce iskar teku ta ɗan taɓa jikin jirgin, amma zai yi. Saura jami'in da ke duba lafiyar jirage ya zo ya sa hannu, kuma ranar da aka ba su ta faɗo daidai safiyar bikin. Ita za ta tafi aikin jiragen feshi, sai ranar za ta dawo tare da shi. Kumagai ya tambaye ta me zai riƙa yi wa jirgin kafin nan.

"Abu ɗaya, Kumagai-san. Kada ka yi masa komai."

"Kyaftin."

"Kada ka yi masa komai, Kyaftin. Rufe ƙofa, kada danshi ya shiga. Shi ke nan."

Da ya bi wannan, da yanzu hotonsa ne a bango. Sai dai a cikin littattafan da Iya Umeno ta ceto ya karanta cewa likitan haƙorin ya taɓa sauka da jirgin a gonar shinkafa. Ya buga waya ya yi bincike, ya gano a shekarar ce kuma matar likitan ta bar shi. Kowa ya san kayan hannu ba ya zuwa shi kaɗai, da sa'ar mai shi yake tahowa. Ya je ya ɗauko malamin ɗakin bauta.

Malamin ya tsarkake motoci da taraktoci ba adadi, har da injin sayar da lemo, amma bai taɓa yi wa jirgi ba. Ya yi yadda ya saba. Ya sa aka buɗe ƙofofi, ya kaɗa sandarsa mai fararen takardu hagu da dama, ya barbaɗa ɗan gishiri a ƙasa kusa da kowace taya, ya ɗiga giyar shinkafa. Ya sha shayi ya tafi.

Kumagai bai gamsu ba. A ofishin manoma ya yi mana bayani: wannan ɗan barbaɗen na ƙaramar mota ne, wadda in ta lalace sai ka tsaya a gefen hanya. Jirgi ba shi da gefen hanya. Malamin mutumin kirki ne, amma bai san harkar sama ba. Daga ranar muka riƙa ganin 'yan tsibin gishiri masu tsini a gindin tayoyin, irin waɗanda ake ajiyewa a ƙofar gidan abinci don korar sharri, kuma ba wanda ya ga laifin haka. Sauran sai daga baya muka ji. Kowace safiya yakan rufe kansa a sito, ya kwance 'yan murafun da ke ƙarƙashin fiffike, ya cusa gishiri da cokali. Ya zuba a ƙarƙashin kujeru, ya zuba a wutsiya. Sannan ya cika tankin feshin albasa da giyar shinkafa ya bi ko'ina ya fesa, don gishirin ya kama.

Gishirin kuwa Fumie ce take ba shi, daga wanda take tsuma kabeji da daikon, dogon farin tushen nan mai kama da karas, mai manyan ƙwayoyi, mai danshi, na teku. Da ya ƙare ta aika aka kawo wani. Ƙungiyar mata ta yaba mata ƙwarai. Suka ce ga macen da ta tsaya wa mijinta, su da nasu ne da tuni sun koma gidan iyayensu.

Daga watan Yuli shanun Ebisawa suka sauya hali. Da an gama tatsa sai su bar ciyawa, su jeru a bakin shinge, su zuba wa siton Kumagai ido suna kuka. Ebisawa ya kira likitan dabbobi, ya duba su bai ga komai ba. Kumagai ya ce babu wata cuta, dabba ce ta gane babban abu tun kafin mai ita ya gane.

A watan Agusta ya kira kwamiti gwajin watsawa. Ya hau kan rumbun hatsi na ƙungiyar manoma, mai tsawon bene shida, da jakar mochi kwanan biyu. Wanda ya taɓa cizon mochi kwanan biyu ya san abin da ake nufi. Na farko ya huda rufin ledar da ake rainon tumatir. Na biyu ya sauka a kan motar malamin ɗakin bauta ya lotsa ta, motar da shi da kansa ya tsarkake a watan. Na uku ba mu ga inda ya faɗi ba, mun dai ji kare. Kumagai ya sauko ya ce gwaji ya yi kyau, abin da ya rage a raba wa jama'a hular kwano. Kwamiti ya ƙi. Ebisawa ya ce shi ya yarda, muddin za a fara ajiye motar asibiti a harabar.

Sai ya ƙirƙiro laima. Kowane curi za a ɗaura masa hankici da zare huɗu. Ƙungiyar mata ta yi sati uku tana ɗinki. A gwaji na biyu laimomin suka buɗe gwanin sha'awa, fari da ja, suka yi lilo a iska, suka haye kogi gaba ɗaya suka sauka a ƙauyen tsallake. Bayan kwana uku mai garinsu ya aiko da wasiƙar godiya, yana tambaya ko duk shekara za a riƙa yi, don su shirya. Ni na karanta ta a zaman kwamiti. Kumagai ya ce ai ga shi nan, sunan Toyonai ya fara ƙetare ruwa.

Ranar biki gari ya waye tas, ba ko gajimare. Kumagai ya bi gida gida ya ce kowa ya fara zuwa titin jirgi da ƙarfe tara, a ga yadda jami'i zai sa hannu, sannan a wuce harabar ɗakin bauta a ɗaga kai sama. An zo. Masu ganga sun zo, 'yan makaranta sun zo da tutoci, mutanen tsallake ma sun zo da kwanduna. Ebisawa yana tsaye cikin jar riga, ya harɗe hannu. An loda mochi ɗari takwas a kujerun nan uku, kowanne da hankicinsa. Motar Nitta ta tsaya a can ƙarshen titi, ta fito tare da jami'in, wani siririn mutum mai farar safar hannu, takardu a rungume.

Kumagai bai jira su ƙaraso ba. Ya shiga jirgin tun yana cikin sito, ya ɗaura bel, ya sa aka wangale ƙofofin biyu, tarakta ta jawo shi waje a hankali yana sara wa jama'a ta taga. Masu ganga suka ɗauka. Warin giya ya bugi layin gaba har wata tsohuwa ta ce ashe an fara rabo.

Iskar safiyar nan daga sito take kaɗawa zuwa makiyaya.

Babbar saniyar garken, Momo, ita ta fara jingina ƙirjinta da shinge. Shingen ya yi tunani kaɗan, ya kwanta. Shanu arba'in da uku suka taho a guje, hantsa na lilo, suka ratsa tsakanin masu ganga da 'yan makaranta ba su taka kowa ba, suka kewaye jirgin. Sai harsuna. Wasu suka kama tayoyi, wasu suka sa kai ƙarƙashin fiffike suna lasar bakin murafu, biyu suka raba wutsiya. Momo ta zaɓi gilashin gaba, ta riƙa share shi daga ƙasa zuwa sama, fuskar Kumagai tana bayyana tana ɓacewa.

Ya buɗe 'yar tagar gefe.

"Ebisawa, kwashe dabbobinka! Zan tayar da inji."

"Tayar mana, Kyaftin. Sai dai farfelar nan in ta taɓa ko jelar guda ɗaya, kai za ka yi tatsar gobe."

"Wannan maƙarƙashiya ce. Kai ka turo su."

"Ni? Shekara shida ina kiran Momo ba ta taɓa zuwa da gudu ba. Gaya mini abin da ka shafa, in saya."

Ƙofar jirgin ba ta buɗuwa, saniya ta jingina da ita. Kumagai ya yi tsawa, ya buga tafi, ya yi kukan kare. Da abin ya ƙi, sai ya juya ya ɗebo mochi ya fara jifan shanun ta taga. Curin yakan bugi gadon bayan saniya ya yi tsalle, hankicin ya buɗe, ya sauka a hankali daga tsawon ƙugu. Shanun ko a jikinsu. Jama'a kuwa da suka ga mochi a iska, ba wanda ya tsaya tambaya. Aka shiga wawaso tsakanin ƙafafun shanu. Iya Umeno ta cika kekenta, tana yi tana tattara hankicin daban, zare daban. Mutanen tsallake suka buɗe kwanduna. Masu ganga da suka rasa abin yi suka ƙara sauri.

Jami'in ya iso gefen garken ya tsaya, ya ɗaga takardunsa sama da kansa, duk da haka wata saniya ta samu kusurwar shafin farko. Nitta ba ta tsaya ba. Ta kutsa tana ture ƙugun shanu da kafaɗa har ƙarƙashin fiffiken hagu, ta zaro sukudireba ta kwance murfi ɗaya. Gishiri ya zubo mata a takalmi kamar an farke buhu, jiƙaƙƙe, ruwan toka. Ta daɗe tana kallonsa yana zuba. Ta lakato da yatsa ta ɗanɗana. Sannan ta zura hannu ciki, ta danna alminiyon ɗin da aka ƙera fiffiken da shi da babban yatsa, ta fito da guntunsa, ta murje shi ya zama gari kamar biskit.

Gangar ta tsaya da kanta.

"Wa ya yi wannan?" in ji Nitta.

Kumagai ya leƙo ta taga, gefen fuskarsa yana sheƙi da yawun Momo. Ya gyara hula.

"Ni. Kullum, wata biyar, ban tsallake ko rana ɗaya ba. Duk Hokkaido ba jirgin da ya kai wannan tsarki."

Nitta ta goge yatsunta a wando. Ta ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, da ya tashi da shi yau, da fukafukan sun riga shi sauka.

Kumagai ya ce wannan ra'ayinta ne. Ya ce masu gyara kullum sai sun samo abin faɗa. Yana cikin bayanin cewa ƙarfen jirgi ba irin na tukunya ba ne, Momo ta gaji da gilashi, ta zagayo ta jingina haƙarƙarinta da sandar da ke tallafe fiffiken dama, ta fara susa. Sau uku ta goga. Wani abu ya yi ƙas a ciki. Fiffiken ya sunkuyo a hankali, cikin ladabi, kamar mai gaida babba, ya kwantar da bakinsa a kan titi. Gishiri ya gangaro ta ƙarshensa, 'yan maruƙa suka taru a wurin.

Jami'in ya rusuna wa jirgin, ya rubuta kalma ɗaya a abin da ya rage na takardarsa, ya koma mota.

Ban san wa ya fara dariya ba. Na dai ga malamin ɗakin bauta ya ɓoye fuska a hannun rigarsa kafaɗunsa suna rawa. Ebisawa ya zauna a ƙasa da jar rigarsa, yana cewa a taimaka masa, cikinsa. Da ya samu numfashi ya ce in Kyaftin zai bar masa jirgin a makiyaya, shanunsa sun huta da neman gishiri har baɗi.

Sai da aka kawo buhun dusa aka janye garken kafin aka fito da Kumagai. Ƙafarsa na taɓa ƙasa ya nemi sakatare. Ya ce a rubuta cewa mochi ya fito daga jirginsa a gaban shaidu, kuma laimomi sun buɗe. Na buɗe littafi na karanta masa abin da ya buga wa hatimi, inda aka ce sai jirgin yana sama. 'Yan kwamiti suka dubi tagar jirgin, suka dubi Momo, wadda ta fi tagar tsawo. Ba a ma yi ƙuri'a ba. Da azahar Ebisawa ya hau hasumiya ya watsa ragowar, kuma gaskiyar Kumagai ce, bai wuce layi na uku ba.

Washegari da hantsi na bi ta rafi. Kumagai yana tsugune a bakin ruwa da turame shida a jere, hula a kai, hannuwa jajur don sanyi. Yana gaya wa wasu masu wucewa cewa tun da aka kafa ƙauyen nan ba a taɓa wanke turamen yadda ya kamata ba, sai yau.

Na wuce gidansa don in mayar wa Fumie hankicin da aka tattara. Na same ta a bayan gida tana jera daikon a gangar katako, layi ɗaya daikon, layi ɗaya gishiri. A kan kanta kuwa ga manyan tukwanen alminiyon a kife, waɗanda suka fi gangar sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba. Na tambaye ta me ya sa ba ta tsumawa a cikinsu.

"Haba Sakatare. Duk macen da ta taɓa tsimi ta san gishiri yana cinye alminiyon a kaka ɗaya."

Ta faɗa tana barbaɗawa. Sai hannunta ya tsaya. Ta ɗago ta dube ni, ni ma na dube ta. Daga rafi ana jiyo muryar mijinta yana koya wa wani yadda ake riƙe buroshi.

Ta kakkaɓe hannu, ta shiga kicin ta ɗora miya a wuta, ta ce zai dawo da sanyi a jiki. Ta sauko da kwano biyu ta ajiye a tebur, ta gyara musu zama.

"Shekara arba'in da ɗaya ina ajiye biyu," in ji ta. "Ban shirya ajiye ɗaya ba. Wannan kuma ba na rubutawa ba ne."

Ban sa shi a littafin kwamiti ba.